Itacen Da Ya Koma Kori

Da ikon Mai haɗa zukata a inda bayi ba su zata ba, Harisu da Siddiƙa suka fara ganin juna a filin sayar da itace na Alhaji Ramalan, bayan tashar Arlit, wata Talata da hantsi.

Siddiƙa 'yar Alhaji ce, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran ta sai Uwata. Tun da ta kammala lise, wato sakandare, ita ke zama a rumfar filin tana sallamar masu saye. A ranar ta hango wani saurayi mai farar riga tsugune tsakanin gumagumai, ya manna kunnensa a jikin wani gungumen itacen kandili kamar mai sauraron sirri. Ya bar wannan ya koma wancan. Ta ɗan jira ko zai yi ciniki, bai yi ba.

"Malam," in ji ta, "itacen namu na sayarwa ne. In hira kake so da shi, sai ka saya ka kai gida."

Ya miƙe da kunya, ya yi sallamar da ya kamata ya fara yi, sannan ya roƙe ta ta matso ta gani. A jikin gungumen akwai wani ɗan bututu na kaki, bai kai kaurin tsinke biyu ba, wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana suna shige da fice a bakinsa.

Galla ce, ya gaya mata, ƙudan zuma marar harbi. Siddiƙa ta san galla a matsayin ƙwaron da ke addabar idon mutum idan gumi ya keto. Ba ta taɓa sanin tana da gida ba, balle uwa da 'ya'ya da rumbun zuma. Ya ce ta kara kunnenta. Ta yi jinkiri, ta gyara mayafi, ta kara. Can cikin itacen ta ji wani ɗan gunji siriri, kamar na jirgi mai nisa. Da ta ɗago, ta tarar yana kallon ta, sai kowa ya sunkuyar da kai.

Sunansa Harisu, ɗan wani Badamagare ne da ya yi aikin ma'adini a Akokan har Allah ya karɓi ransa. Yana karatu mai zurfi a jami'a, kuma bincikensa a kan galla ne ta wani kori da ke gabas da Gougaram, irin kwarin nan da ruwa ke bi sau biyu ko uku a shekara, tsofaffin kandili da aduwa suna tsaye a gefensa. Ya sayi gungumen, ya ɗaura a bayan babur. Kafin ya tafi ta ce masa:

"Sai wani jiƙon, Malam Galla."

Sunan ya bi shi.

Bai yi zagaye-zagaye ba. Cikin mako biyu ya aiko kawunsa neman izini, aka ba shi damar zuwa zance a zauren gidan bayan la'asar. Alhaji bai ga laifinsa ba a lokacin: yaro ne mai salla, mai gaisuwa a durƙushe.

A wannan zaure Siddiƙa ta koyi abin da ya hana Harisu sukuni. Ƙudan zuma da kowa ya sani, idan aka dame shi, tashi yake da uwarsa ya sake gida. Uwar galla kuwa, da zarar ta fara ƙwai jikinta ya yi nauyi, ba ta ƙara tashi har ta mutu. Inda aka sare itacenta, nan gidan ya ƙare. Kuma sabon gida ba ya nisa da tsoho, domin 'ya'yan sai sun yi ta komawa wurin uwa ɗibar kaki. Saboda haka galla ta kowane kori dangi ce mai zaman kanta, shekaru aru-aru ba ta cuɗanya da ta wani wuri. Shi aikinsa, ya ɗauki ƙwari biyar daga kowane gida, ya sa a 'yar kwalba, ya aika labo, ɗakin bincike, a Yamai a duba ƙwayoyin gadonsu. Sakamakon farko ya nuna na wannan kori ba su yi daidai da ko ɗaya daga cikin waɗanda aka tattaro a kudu ba.

Ita kuma ta ba shi labarin awakin babanta. Alhaji Ramalan mutumin Maraɗi ne, kuma lokacin da ya zo Arlit neman aiki ya taho da jajayen awaki goma sha ɗaya na garinsu. Zafi da ƙishi suka cinye tara. Biyun da suka rage su ne asalin garken da ke bayan gida yanzu, kuma Alhaji ba ya sayar da ko ɗaya. Duk mai taya masa, amsa ɗaya ce: waɗannan sun san Arlit.

Harisu ya yi dariya, ya ce ashe surukinsa ya riga shi karatun.

Da yamma sai saƙonni su biyo baya a salula.

"Zumata, yau na sami gida na ashirin da bakwai a cikin wata aduwa. Na so a ce kina nan ki ji su."

"Malam Galla, ka gaishe su. Ka kuma tuna akwai wadda ba ta cikin kogon itace, ita ma tana jiran a leƙo ta."

Wata Asabar ya kai ta korin, tare da gwaggonta 'Yargata. Wani dattijon makiyayi, Ismaghil, wanda raƙumansa ke kiwo a can tun yana yaro, ya dafa musu shayi. Harisu ya bi da su itace bayan itace, yana nuna mata inda ya rubuta lamba da jan fenti a jikin kowane mai ɗauke da galla, daga ɗaya har talatin da ɗaya. Ya ce ban da Ismaghil, ita kaɗai ta san wuraren nan. Ta ce ta riƙe amana.

Ana cikin haka ruwa ya gurɓace. Alhaji ya ji cewa wani ya rubuta wa hukumar gunduma takarda yana roƙon a hana saran itace a wannan kori. Ya bincika, aka ce Harisu ne.

Ya kamata a yi wa Alhaji adalci. Tun da aka rufe ma'adinin Akokan, itacen nan shi ne abincin gidansa da na gidaje goma sha biyu na masu yi masa sara. Kamiyonsa, wato babbar motarsa, na kai itace har Tchibarakaten, inda masu haƙar zinari ke dafa abinci da shi. A ganinsa, yaron da ke cin goron zaurensa ya zagaya ya sa masa wuƙa a wuya saboda ƙwaro.

Ya kira Harisu, ya ba shi zaɓi a fili: ya janye takardar a sa ranar aure, ko ya riƙe takardarsa ya daina taka zauren.

Harisu ya durƙusa, ya ce:

"Baba, ina son Siddiƙa, Allah shi ne shaida. Amma in na janye abin da na san gaskiya ne domin a ba ni ita, to maƙaryaci za ka ba 'yarka. Ba zan janye ba."

Alhaji ya nuna masa ƙofa.

Bai tilasta wa 'yarsa kowa ba, domin mutum ne mai tsoron Allah. Sai dai ya riƙa ambaton Hamadi a gabanta. Hamadi shi ne shugaban masu yi masa sara, shekara takwas yana tare da shi, kuma kowa ya san ya daɗe yana son Siddiƙa bai furta ba. Ita kuwa ta ce wa gwaggonta ta isar wa Baba cewa ba za ta fita gidansa ba sai da izininsa, ba kuma za ta shiga gidan kowa ba in ba na Harisu ba, ko da furfura za ta riske ta a rumfar itace. Alhaji ya ce to ta zauna. Wata biyu uba da 'ya suna gaisawa da safe, ba wanda ya sassauta.

Sai ga ranar da Harisu ya je korin ya tarar da kututturai. Itatuwa goma sha huɗu daga cikin masu lamba an sare su, an kwashe. Ismaghil ya tafi da raƙuma rijiya mai nisa, bai ga komai ba, sai sawun kamiyo, kuma kowa ya san kamiyon wa ke shiga nan. Harisu ya dubi yadda aka tsallake busassun itatuwa marasa lamba aka bi masu lamba ɗaya bayan ɗaya. Shaiɗan ba ya neman ƙofa mai faɗi. Kafin zuciyarsa ta huce ya rubuta:

"Siddiƙa, mutum uku suka san itatuwan nan. Ismaghil ba ya magana da mutanen babanki. An bi su daidai, ba a kuskure ko ɗaya ba. Allah ya isa tsakanina da wanda ya nuna."

Saƙon ya same ta a rumfa bayan azahar. Ta karanta sau biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma mayar da amsa ba. Ta tashi ta nufi tulin itacen da aka sauke da safe, wanda za a loda bayan la'asar zuwa Tchibarakaten. Ta tsuguna cikin rana, ta shiga kara kunne a gungume bayan gungume, yadda ya koya mata. Wasu shiru, kakinsu ya narke ya zubo. Wasu kuwa da sauran gunji. Ta sami tara.

Ta kira gwaggonta, su biyu suka mirgina su zuwa inuwar rumfa. Suka kwaɓa laka suka liƙe inda gatari ya tsaga, suka jiƙa buhuna suka rufa musu. Tana shafa laka ne hannunta ya biyo ta kan jan fenti: lamba goma sha tara, da rubutun da ta sani.

Hamadi ya iso ya tarar da ita dumu-dumu da laka. Ta tambaye shi wa ya nuna musu itatuwan nan. Ya duba fentin, ya dafa kai. Ya bayyana mata yadda aikinsu yake: shi yakan riga masu sara shiga daji da kwana uku, ya shafa jan fenti a jikin duk itacen da ya mutu ya isa sara, su kuma su biyo baya su sare duk abin da suka ga ja a jikinsa. Wannan karon zazzaɓi ya kwantar da shi bai je ba. Mutanensa suka shiga korin, suka ga ja, suka ɗauka ya riga ya wuce. Ba su iya karatu ba, balle su bambance lamba da shafe.

Da Hamadi ya so, da ya yi shiru, ya bar zargi ya raba masoyan nan, hanya ta buɗe masa. Bai yi ba. Allah ya saka masa.

Siddiƙa ta ɗauki hoton gungumen ta aika, da waɗannan kalmomi:

"Malam Harisu, wanda ya nuna ga rubutunsa nan. Ja alamar sara ce a wurin mutanen Baba. Tara suna da rai a rumfata, kamiyo zai tashi bayan la'asar. In ka gama kai ƙarata wurin Allah, ka zo."

Daga korin zuwa Arlit tafiya ce, amma ana sallame la'asar babur ɗinsa ya tsaya a bakin filin. Alhaji ya riga shi isowa. Direba ya tayar da mota, masu lodi suna tsaye, an gama ɗora komai sai gumagumai taran nan. Siddiƙa kuwa tana zaune a kansu.

Alhaji ya ce ta tashi. Ta sauko ta durƙusa a gabansa, amma ta bar hannunta ɗaya a kan buhun.

"Baba, duk abin da ka umarce ni zan yi, ban da wannan. Akwai rai a ciki. Malamai sun ce an hana kashe ƙudan zuma, ba su ce sai mai harbi ba."

"Uwata, a gaban yarana za ki tozarta ni?"

"Allah ya tsare ni. Amma sai dai a ɗora ni tare da su."

Alhaji ya juya ya ga Harisu, fushinsa ya sami wurin sauka. Ya ce ga wanda ya lalata masa 'ya nan. Ya ce in ƙuda yake so, gobe zai yi waya Madarumfa, can ƙasarsu ta Maraɗi, a cika masa kwali da galla, gida ashirin ma in ya ga dama, a kawo ƙarshen wannan wauta.

Harisu ya buɗe baki, Siddiƙa ta riga shi.

"Baba, bara Alhaji Sulaiman ya ce zai ba ka jajayen awaki biyar na Maraɗi ka ba shi guda ɗaya daga cikin naka. Me ka ce masa?"

Ta ci gaba:

"Ka ce nasa baƙi ne, rani ɗaya zai kashe su. Ka ce naka sun san Arlit. To waɗannan sun san korin nan, Baba. Tun kafin a kafa garin nan suke shan zafinsa. In sun ƙare, ba kasuwar da za a sayo su."

Injin motar na ta ƙara. Alhaji ya ɗaga hannu, direba ya kashe.

Sai Harisu ya matso ya durƙusa, ba kusa da ita ba, a gaban Alhaji da Hamadi da masu lodi duka. Ya ce shi ya jawo wannan asara. Shekara guda yana karatun ƙwari a korin, bai taɓa zama da masu sara ya tambaye su yadda suke aikinsu ba, domin ya ɗauke su maɓarnata. Ya rubuta takarda a kan sana'ar Alhaji bai fara zuwa ya same shi ba. Ya kuma zargi Siddiƙa da cin amana, alhali hannunsa ne ya shafa fentin. Ya roƙi gafarar uban, ya roƙi ta 'yar.

Alhaji ya dube shi, ya ce:

"To yanzu ka janye takardar?"

"A'a, Baba. Laifin fenti nawa ne, na ɗauka. Amma gida goma sha bakwai na nan tsaye a korin, kuma ba su da bakin magana."

Masu lodi suka dubi juna, suna jiran tsawa. Alhaji ya sunkuya, abin da gwiwoyinsa suka daɗe ba su yi ba, ya ɗage buhun, ya kara kunnensa a gungume mai lamba goma sha tara. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce wa direba ya tafi da abin da ke cikin mota.

"Taurin kai biyu a gida ɗaya," in ji shi. "Allah ya jiƙan wanda zai yi muku sulhu. Kai, ka turo kawunka ranar Juma'a. Kuma ka nemi shuɗin fenti."

Kada mai karatu ya zaci Alhaji ya bar sana'arsa, ko ya yarda da duk abin da ke cikin takardar. Har gobe suna musu da surukinsa a kanta. Abin da ya yanke shi ne, daga ranar, Harisu zai riga Hamadi shiga kowane daji, kuma itacen da aka ga shuɗi a jikinsa gatarin gidan Ramalan ba zai taɓa shi ba, ko ya bushe ƙurmus.

Siddiƙa kuwa ba ta yafe da wuri ba. Kwana huɗu yana aiko saƙo tana karantawa tana ajiyewa. A na biyar ya rubuta:

"Zumata, na yi istigfari, na janye ƙarar. Saura hukuncinki."

Ta amsa:

"Malam Galla, ka iya sauraron itace, ka koyi sauraron mutum. Na yafe. Ka taho da alawar madara."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, wata biyu da faruwar wannan. Hamadi ya halarta, ya yi addu'a da kowa, aka ga ya share ido da gefen rawani. Daga cikin gidaje taran nan, biyu ba su yi rai ba, bakwai suka tsira a inuwar rumfar amarya, tana ba su ruwa a murfin kwalba safe da yamma.

Washegarin buɗar kai, Alhaji da kansa ya sa aka loda su a kamiyo, aka shimfiɗa musu katifa tsohuwa domin gargadar hanya. Ango da amarya da gwaggo suka shiga gaba. A korin aka ɗora kowane gungume a kan duwatsu kusa da kututturen da aka sare shi, aka yi masa rumfar kaba. Harisu ya ɓalle lakar da ke bakin na farko. Ɗan lokaci ba abin da ya motsa. Sai guda ta leƙo, ta yi kewaye biyu, ta miƙe zuwa wata aduwa mai fure.

Ismaghil na tsaye da sandarsa yana kallo. Ya girgiza kai, ya ce da Hausarsa ta makiyaya:

"Shekara sittin ina ganin mota ya ɗauki itace ya kai gari. Yau na ga ya dawo da shi."

Alhaji ya ɗaga hannuwa, kowa ya ɗaga. Ya roƙi Ubangijin da bai manta da ƙwaro a cikin kogon itace ba, kada ya manta da waɗannan bayi nasa biyu. Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, wadda za ta san ƙasar nan ta kuma ji tausayin abin da ke cikinta.

Aka shafa. Siddiƙa ta sa gefen mayafinta ta kore wata galla da ta sauka a idon mijinta, a hankali, don kada ta ji mata ciwo.